Takardar Gwajin RF Shaida Ce, Hukunci Na Likita Ne

A 'yan shekarun nan takardar ɗakin gwaje-gwaje ta sami wata irin daraja a idon jama'a, har ta kai wasu sun fi yarda da ita fiye da likitan da ya kamata ya fassara ta. Mutum zai taso daga Kara ko Getso ko Garo da ciwon gwiwa ko na kafaɗa, ya shiga mota zuwa Gwarzo ko birnin Kano, ya wuce kai tsaye wurin masu ɗibar jini ya ce a yi masa gwajin sanyin ƙashi. Bayan 'yan sa'o'i a miƙo masa takarda mai ɗauke da haruffa biyu, RF, a gabansu kuma an rubuta fositif ko negetif. Idan fositif ne, sai hankali ya tashi, a nufi kemis a sayo ƙwayoyi. Idan negetif ne, sai a koma gida da murna, ko da kuwa yatsu na nan a kumbure.

Duk waɗannan matakai biyu kuskure ne, kuma kowannensu yana iya jawo hasarar da ba ta gyaruwa. Gwajin RF yana da amfani, amma matsayinsa matsayin shaida ne guda ɗaya a gaban alƙali. Ana sauraronsa, ana auna maganarsa da ta sauran shaidu, sa'an nan a yanke hukunci. Ya kamata ɗaliban sakandare da malamansu su fahimci dalilin haka, domin a yawancin gidajen karkara su ne ake miƙa wa takardar asibiti a ce su karanta.

Cutar da ake nema

Abin da Hausawa ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da ya tattara cututtuka masu yawa waɗanda sanadinsu da maganinsu suka sha bamban. Akwai zaizayar guringuntsi, wadda ke zuwa da tsufa da aikin ƙarfi, ta fi kama gwiwa da ƙugu da gadon baya. Akwai gawut, wanda ke afka wa babban ɗan yatsan ƙafa cikin dare. Akwai ciwon ƙashi na masu amosanin jini, watau sikila. Akwai zazzaɓin rumatik, wanda ke bin bayan ciwon maƙogwaro ga yara, yana yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, yana kuma iya lalata ƙofofin zuciya. Gwajin RF ba a yi shi don ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

An yi shi ne don cutar rumatoyid. A wannan cuta garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, ya kumbura, ya yi kauri, a hankali ya cinye guringuntsi da ƙashi. Wani likita Bafaranshe, Landré-Beauvais, shi ya fara bayyana ta a birnin Faris a 1800, kuma Alfred Garrod na Ingila ya laƙaba mata sunanta a 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a duniya, kimanin kashi 70 cikin 100 nasu mata. Tana da kamannin da ake gane ta da su. Ta fi kama ƙananan gaɓɓai na yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, tana kama dama da hagu tare, gaɓɓan suna kumbura su yi taushi, kuma mai ita yakan wayi gari hannuwansa a sandare na tsawon awa ɗaya ko fiye, sai ya motsa su sannan su saki. Mai zaizayar guringuntsi kuwa akasin haka yake ji: aiki ne ke tayar masa da ciwo, hutu ya kwantar da shi.

Mene ne RF?

Jikin ɗan Adam yana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda aikinsu shi ne su gane baƙuwar ƙwayar cuta su maƙale mata don a hallaka ta. Suna da rukuni-rukuni. Mafi yawa a jini shi ne IgG, mafi girman jiki kuwa IgM. To, RF antibodi ne, galibi daga rukunin IgM, wanda maimakon ya kama baƙo sai ya kama wutsiyar ɗan'uwansa IgG. Tamkar dai ɗan sandan da ya bar ɓarawo ya damƙi abokin aikinsa.

Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Erik Waaler, shi ya ba da rahoton wannan sinadari a 1940. Ya lura cewa idan aka shafe jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya da antibodin zomo, sannan aka zuba musu ruwan jinin mai cutar rumatoyid, sai su dunƙule. A 1948 Harry Rose na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya sake gano abin, ta hanyar jinin wata ma'aikaciyar ɗakin gwajinsa da ke fama da cutar. A 1956 Singer da Plotz suka maye gurbin jinin tunkiya da ƙananan ƙwayoyin roba da aka shafe da IgG na mutum. Wannan hanya mai sauƙi da arha ita ce har yanzu ake amfani da ita a yawancin ƙananan ɗakunan gwaji: a ɗiga ruwan jini a kan kati, a gauraya da ruwan roban, a duba ko ya yi gudaji.

Sakamakon yakan zo ta ɗaya daga cikin fuskoki uku. Wani lokaci kalma ɗaya ce kawai, fositif ko negetif. Wani lokaci lamba ce irin 1:40 ko 1:160, wadda ke nuna sau nawa aka tsarma jinin da ruwa amma duk da haka ya dunƙule. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yawan sinadarin. Inda ake da na'ura kuwa, ana ba da adadi da ma'aunin IU/mL, kuma yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar abin da bai kai 14 ko 20 ba a matsayin daidai. Takardar da ta ce fositif kawai, ba lamba, ta ɓoye rabin labarin, domin akwai tazara mai nisa tsakanin mai 25 da mai 300.

Fositif ba ya nufin an kamu

Sunan da aka ba sinadarin shi ne ya fara ruɗa mutane, domin ana samunsa a jinin waɗanda ba su da cutar rumatoyid ko kusa. Kimanin mutum 5 cikin 100 masu cikakkiyar lafiya suna da shi, kuma adadin yana ƙaruwa da tsufa da shan taba. Dalili kuwa shi ne jiki yakan ƙera RF a duk lokacin da garkuwarsa ta daɗe tana yaƙi, don ya taimaka wajen share tarkacen antibodi da ƙwayoyin cuta daga jini. Saboda haka ana ganinsa a masu ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka, da kuturta, da tunjere, da tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Ana kuma ganinsa a wasu cututtukan garkuwar jiki, kamar lufus da cutar Sjögren mai busar da ido da baki.

Duk wanda ya san yammacin Jihar Kano zai ga cewa wannan jeri jerin cututtukan gida ne. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Tsargiya kuwa abokiyar madatsun ruwa da noman rani ce, ga shi kuma madatsar Calawa da ke Ƙaraye tana maƙwabtaka da Gwarzo da Kabo. Manomin da ya shekara 50 yana shiga fadama, yana shan cizon sauro kowace damina, ba abin mamaki ba ne jininsa ya nuna RF alhali gaɓɓansa lafiya lau.

Wannan ba hasashe ba ne. Brian Greenwood, likita Bature da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan a shekarun 1960, daga baya kuma ya shafe shekarun 1970 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya lura da abubuwa biyu masu kama da saɓani. Cutar rumatoyid ba ta da yawa a cikin majinyatan Ibadan idan aka kwatanta da Ingila, amma RF ya fi yawa a jinin 'yan Nijeriya masu lafiya fiye da na Turawa. Ya danganta hakan da yawan cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro. Ma'ana, gwajin da ke da ɗan ƙarfi a Landan ƙarfinsa yana raguwa a ƙasar sauro.

Lissafin da kowane ɗalibi zai iya

Ana iya ganin girman matsalar da lissafin ajin sakandare. A ƙaddara an tara mutum 1,000 a kasuwa, aka yi wa kowa gwaji ba tare da duba gaɓɓansa ba. A ƙaddara kuma 10 daga cikinsu suna da cutar, wanda shi ne kusan adadi mafi yawa da ake samu a ƙasashen da ta yi ƙamari. Gwajin yana kama kusan 7 cikin kowane 10 masu cutar, saboda haka zai nuna mutum 7. Sauran 990 ba su da ita, amma kashi 5 cikin 100 nasu, watau kimanin mutum 50, za su fito fositif. Jimlar masu fositif 57 ke nan, masu cutar a cikinsu 7 kacal: mutum 1 cikin 8. Idan kuma aka ƙaddara cewa yawan sauro da ciwon hanta ya ɗaga kashi 5 ɗin nan zuwa 15, masu fositif na banza za su kai 148, damar kuma ta koma 1 cikin 22.

Yanzu a sauya wurin. A ƙaddara mutum 100 ne da likita ya riga ya duba, ya ga yatsunsu a kumbure dama da hagu fiye da mako shida, har ya ga rabinsu na iya zama masu cutar. Daga 50 masu ita, 35 za su fito fositif. Daga 50 marasa ita, kimanin 8. A nan mai fositif yana da dama fiye da 4 cikin 5 ta kasancewa da cutar. Gwajin bai canja ba, na'urar ba ta canja ba. Abin da ya canja shi ne wanda aka yi wa gwajin. Wannan ita ce ƙa'idar da aka buga da sunan Thomas Bayes a 1763, kuma ita ce ke nuna cewa darajar sakamako ta dogara ga abin da aka sani kafin a ɗebi jini.

Negetif ba ya nufin an tsira

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. Wani babban nazari na 2007 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna RF yana bayyana ne a kimanin kashi 69 cikin 100 na masu cutar. Kusan mutum 3 cikin 10 ke nan za su sami negetif alhali cutar na cin gaɓɓansu, musamman a watannin farko. A Nijeriya adadin na iya fin haka: a rahoton da Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka bayar a 2010 game da majinyata 200 a Legas, waɗanda jininsu ya nuna RF ba su kai rabi ba. Rahoton ya kuma gyara tsohon zaton cewa cutar ta Turawa ce, zaton da wani bincike na 1993 ya ƙarfafa lokacin da aka duba kusan mutum 2,000 a karkarar kudancin ƙasar ba a sami mai ita ba. Cutar tana nan, kuma sau da yawa ba a gane ta sai hannu ya riga ya karkace.

Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne hannu. Matar da ke daka da tankaɗe da wanki, da tela, da magini, da malamin da ke riƙe alli, duk da yatsu suke cin abinci. Ɓarnar da cutar ke yi wa ƙashi tana farawa ne tun a shekarun farko, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa. Magungunan da ke dakatar da ita, irin su metotirekzet da salfasalazin da haidiroksikulorokwin, sun fi aiki idan aka fara su a watannin farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ajiye takardar negetif a ƙarƙashin matashin kai ya shekara biyu yana shan maganin kashe zafi ya yi hasarar wannan dama.

Wanda ya gaskata fositif na banza shi ma bai tsira ba. Yakan faɗa wa magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da dekzametason, waɗanda ke kwantar da ciwo nan take, amma idan aka daɗe a kansu su kawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, su kuma farkar da tarin fuka ko ciwon hantar da ke kwance. Magungunan kashe zafi irin su daikulofenak kuwa suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Mafi muni, ana iya barin ainihin cutar da ta ɗaga RF ɗin, wadda wataƙila hanta ce, ba a neme ta ba.

Yadda masana ke auna shaidu

A 2010 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai suka fitar da ma'auni mai maki 10, wanda ake buƙatar 6 kafin a sa mutum cikin masu cutar. An tsara shi don bincike, amma likitoci na amfani da shi a matsayin jagora. Sharaɗin farko shi ne likita ya ga aƙalla gaɓa ɗaya a kumbure, kumburin da wata cuta ba ta bayyana shi ba. Yawan gaɓɓan da suka kamu da irinsu yana da maki har 5. Gwajin RF da ɗan'uwansa anti-CCP suna da maki har 3, kuma ba a samun ukun sai adadin ya ninka iyakar daidai fiye da sau uku. Gwajin alamun kumburi a jini, ESR ko CRP, maki 1 ne. Daɗewar ciwo mako shida ko fiye, maki 1.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Komai yawan RF a jini, shi kaɗai ba zai kai mutum maki 6 ba. Wanda kuma gaɓɓansa fiye da 10 suka kamu, har da ƙanana, na tsawon mako shida, ya cika makin ko da jininsa bai nuna komai ba. Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma a nan kimiyya ta yarda da su.

Gwajin anti-CCP, wanda masana a Jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan suka samar a wajajen 2000, bai fi RF kama masu cutar ba, amma ya fi shi barin marasa ita: kuskurensa kimanin 5 cikin 100 ne a inda na RF ya kai 15. Ya fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Hujjar masu zuwa gwaji kai tsaye

Masu wannan al'ada suna da hujjar da ba za a raina ba. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, kuma suna manyan asibitoci ne irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin Kara zai biya kuɗin mota, ya bar gonarsa, ya bi layi. Gwajin kuwa yana kusa, yana da arha, yana ba da amsa a yini guda. Me zai hana a fara da shi?

Amsa ita ce arhar da ke kai mutum ga maganin da bai dace ba ta fi kowace tsada tsada. An riga an ga irin wannan a gwajin Widal, wanda ya mai da kusan kowane zazzaɓi taifot a bakin jama'a. Bugu da ƙari, matakin farko ba ya buƙatar ƙwararre. Duk likita ko jami'in lafiya a Babban Asibitin Gwarzo ko a asibitin sha-ka-tafi zai iya tambayar tsawon sandarewar safe, ya matsa gaɓɓan yatsu, ya ƙirga waɗanda suka kumbura. Wannan bincike na minti biyar shi ke raba wanda gwajin zai amfana da wanda zai ruɗa.

Wasu kuma za su ce to a watsar da gwajin mana. Wannan ma wuce gona da iri ne. Ga wanda aka tabbatar yana da cutar, RF mai yawa alama ce ta cewa za ta iya yin tsanani, ta taɓa huhu ko ido ko jijiyoyin jini, saboda haka likita zai ƙara sa ido. Wani bincike na 2004 a kan masu ba da jini a Amsterdam ya nuna kusan rabin waɗanda suka kamu daga baya, jininsu ya nuna RF ko anti-CCP shekaru kafin ciwon ya fara. Mai adadi mai yawa ba tare da ciwo ba ba ya buƙatar maganin rumatoyid, amma ya kamata a duba hantarsa da ƙirjinsa, ya bar taba, ya kuma koma asibiti da zarar gaɓa ta kumbura. Maimaita gwajin kowane wata kuwa ɓarnar kuɗi ce, domin ba da shi ake auna ko magani na aiki ba.

Abin da ya rage

Nauyi ya rataya a kan ɓangarori uku. Masu ɗakunan gwaji ya kamata su riƙa rubuta adadi tare da iyakar daidai ta na'urarsu, su kuma mai da mutum ga likita maimakon su fassara masa da kansu. Ma'aikatan lafiya na matakin farko ya kamata su duba hannu kafin su rubuta gwaji, su kuma gaggauta tura mai kumburin yatsu na mako shida zuwa babban asibiti, ko mene ne takarda ta ce. Malaman lissafi da na bayoloji kuwa suna da darasi a shirye: lissafin mutum 1,000 ɗin nan zai shiga allo ɗaya, kuma ɗalibin da ya gane shi zai yi amfani da shi a kan kowane irin gwaji har ƙarshen rayuwarsa.

Ɗalibin da aka miƙa wa takardar RF a gida yana da tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya ce komai. Wa ya ce a yi gwajin? Nawa ne adadin, kuma nawa ne iyakar daidai? Waɗanne gaɓɓai ne suka kumbura, tun yaushe? An taɓa duba hanta da ƙirji? Idan ya rubuta amsoshin a bayan takardar, ya raka mahaifiyarsa ko kawunsa wurin likita da su, ya riga ya yi musu abin da na'ura ba za ta iya ba.